Shafina ya yi kyau amma Google ba ya nuna shi: take zan gyara ko kalmomi zan ƙara?

"Assalamu alaikum. Ina sana'ar turaren wuta, humra da kulacca a nan Kaduna, daga gida nake yi. Bara na biya wani yaro ya buɗe mini gidan yanar gizo, kuma ya yi kyau, hotuna ras. Amma idan na rubuta 'turaren wuta a Kaduna' a Google, har jeri na uku ba na ganin kaina. Sai na rubuta sunan kasuwancina cif sannan ya fito. Wani ya ce matsalar daga taken shafukan ne. Wani ya ce a cika ko'ina da kalmomin da mutane ke nema. Wani kuma ya ce in biya shi, cikin sati biyu zai kai ni na ɗaya. Don Allah wanne ne gaskiya?"

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a sana'a.

Tambayoyi uku kika dunƙule wuri guda: ko take ne ke hana ki fitowa, ko yawan kalmomi zai ɗaga ki, da kuma ko akwai wanda zai iya sayar miki da matsayi na ɗaya. Mutum na farko yana da gaskiya, sai dai ba ita ke nan ba. Na biyu shawararsa ta tsufa da fiye da shekara goma, yanzu ma cutarwa take yi. Na uku kuwa, ki riƙe kuɗinki tukuna, zan dawo kansa.

A cikin tambayarki akwai labari mai daɗi da ba ki lura da shi ba. Tunda sunan kasuwancinki yana fitowa idan an rubuta shi, Google ya san da ke. Abin da bai gane ba shi ne me kike sayarwa da kuma a ina kike. Wanda ya riga ya san sunanki ai ba sabon ciniki ba ne. Wadda kike nema ita ce amaryar da ke Malali ko Barnawa, da ba ta taɓa jin labarinki ba, ta ɗauki waya ta rubuta abin da take buƙata. A kan wannan matar za a yi duk gyaran.

Yadda Google ke jera sakamako

Google yana da manhaja mai suna Googlebot da ke yawo a intanet dare da rana, tana bin mahaɗi, wato rubutun da ake latsawa a tafi wani shafi, daga wannan shafi zuwa wancan tana kwafar abin da ta tarar. Abin da ta kwaso ana adana shi a wata babbar ma'ajiya. Idan mutum ya rubuta abin da yake nema, ma'ajiyar nan ake dubawa, a zaɓo shafukan da suka fi dacewa, a jera su. Matakai uku ke nan: a gano shafi, a adana shi, sannan a ba shi matsayi. Take da kalmomi a mataki na uku suke aiki, saboda haka kafin a taɓa su sai an tabbatar biyun farko sun kammala.

Gwajin ba wuya. Ki shiga Google ki rubuta site: ki liƙa adireshin gidan yanarki a gabansa ba tare da tazara ba. Zai jero miki shafukanki da ya adana. Idan kina da shafuka goma sha biyar amma biyu kaɗai suka fito, to da sauran aiki kafin a zo maganar take. Ki sa wanda ya yi miki aikin ya haɗa gidan da Google Search Console, wato shafin Google da ke nuna wa mai gidan yanar yadda shafukansa ke fitowa a nema, kyauta ne, ya kuma miƙa taswirar shafukan, wato jerin adireshin dukkan shafukan gidan, a can. Idan da WordPress, manhajar gina gidan yanar gizo, aka gina shi, akwai wani ɗan akwati a ƙarƙashin Settings, sashen Reading, da ake latsawa lokacin gini don a hana injinan nema shigowa. Masu gini kan manta da shi a latse bayan sun miƙa aiki. Naki da alama ba haka ba ne tunda sunanki na fitowa, amma dubawar ba ta cin minti guda.

Abu na biyu da ya kamata ki riƙe: Google shafi ɗaiɗai yake jerawa. Shafin humra daban yake fafatawa, na turaren tsugunno daban. Wannan ne tushen kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa.

Take

Mutane da yawa suna ɗauka take shi ne babban rubutun da ke saman shafi idan an buɗe shi. Wannan kanun shafi ne. Taken da ake magana a kai yana cikin rubutun ginin shafin, maziyarci ba ya ganinsa a tsakiyar allo. Shi ne ɗan rubutun da ke can saman burauza a kwamfuta, kuma shi ne yawanci layin nan mai launi da ake latsawa a jerin sakamakon Google. Gwajin site: ɗin da na ce ki yi zai nuna miki taken kowane shafinki.

A aikin da nake yi wa ƙananan 'yan kasuwa a garin nan, abin da na fi tararwa iri uku ne. Ko dai taken shafin farko ya zama "Home" kawai, yadda manhajar ta zo da shi. Ko ya zama sunan kasuwancin shi kaɗai, kuma galibi sunan na ƙawa ne da ba ya nuna me ake sayarwa. Ko kuma dukkan shafukan su ɗauki take iri ɗaya. Ki ɗauka kina tafe a titin Ahmadu Bello Way, ga shago allonsa sunan mai shi kawai aka rubuta, ƙofa a rufe da labule. Wanda ya san shi zai shiga, baƙo kuwa wucewa zai yi ko da abin da ya fito nema yana ciki jibge. Take shi ne allon nan, ga mutane da kuma ga Google.

Take mai kyau yana faɗin abin da ke shafin, da kalmomin da mai saye zai yi amfani da su, abu mafi muhimmanci a gaba. Na shafin farko zai iya zama "Turaren Wuta, Humra da Kulacca a Kaduna", sai a ja ɗan layi a sa sunan kasuwancinki a ƙarshe. Na ce a ƙarshe ne saboda har yanzu ba sunan ake nema ba, kayan ake nema. Ranar da sunanki ya yi tashe har ana rubuta shi kai tsaye, sai a dawo da shi gaba. Sauran shafukan kowa da nasa: "Farar Humra da Baƙar Humra: Farashi da Girman Kwalba", "Turaren Tsugunno na Amare a Kaduna", "Saitin Turaren Lefe, Ana Aikawa Abuja da Kano". Duk wanda ya karanta ya san abin da zai tarar tun kafin ya latsa.

Tsawo kuma, Google bai kafa iyaka ba, amma yana datse abin da ya wuce faɗin wurin ya sa ɗigo uku. Shi ya sa masu wannan aiki ke tsayawa tsakanin haruffa 50 zuwa 60. Ba doka ba ce, kuma wucewa ba ya jawo hukunci. Illar kawai ita ce wutsiyar taken za ta ɓace, shi ya sa ba a ajiye muhimmin abu a can.

Wani abu da ke rikita mutane: za ki gyara take tsaf, ki duba Google, ki ga ya nuna wani abu daban. Ba laifin mai gini ba ne. A watan Agustan 2021 Google ya sanar da sabon tsarin da yake bi wajen fitar da taken da ake gani a sakamako, daga baya kuma ya ce kusan kashi 87 cikin 100 na lokuta taken da mai shafi ya rubuta yake ɗauka. Ragowar yakan ɗauko daga kanun shafin ko wani rubutu na ciki, musamman idan taken ya yi tsawo, ko an cusa masa kalmomi, ko bai dace da abin da ke shafin ba. Maganin shi ne take da kanu su yi magana ɗaya. Ba dole su zama kwafi ba, amma kada take ya ce humra kanu ya ce "Barka da zuwa".

A ƙarƙashin take a jerin sakamako akwai ɗan bayani na layi biyu. Google ya daɗe da cewa wannan bayanin ba ya cikin abin da yake auna matsayi da shi, kuma sau da yawa yakan yi watsi da wanda aka rubuta ya tsakuro daga cikin shafin. Duk da haka ki rubuta shi, domin idan ya fito shi ke jan mutum ya latsa naki ya bar na maƙwabciyarki. A nan ake faɗin abin da mai saye ke son ji: ana kawowa har gida a cikin Kaduna, ana aikawa ta mota zuwa wasu garuruwa, akwai sari. A WordPress, ƙarin manhaja irin Yoast SEO ko Rank Math na ba da gurbin rubuta take da wannan bayani a ƙasan kowane shafi, ke da kanki za ki iya cikewa ba sai kin kira kowa ba. Sai dai kada fitilun kore da ja da suke nunawa su ɗauke miki hankali. Ma'aunin manhajar ne, Google ba ya ganinsu, kuma ba don rubutun Hausa aka tsara su ba.

Kalmomi, da dalilin da ya sa cusa su ya daina aiki

Shawarar mutum na biyu tana da asali. A shekarun 1990 injinan nema sun dogara sosai da ƙirga sau nawa kalma ta fito a shafi, da kuma wani gurbi na ɓoye da mai shafi ke zuba kalmomin da yake so a same shi da su. Mutane suka yi ta cika gurbin da abin da babu shi a shafinsu, har ya zama ba abin yarda ba. Google, da Larry Page da Sergey Brin suka kafa a 1998, ya yi fice ne da wata dabara daban, wato duba shafuka nawa ne, kuma masu wane daraja, ke nuni zuwa ga shafi. A 2009 ya fito fili ya ce ba ya amfani da wancan gurbin kalmomi na ɓoye wajen jera sakamako. Har yau ina cin karo da masu karɓar kuɗi don cike shi.

Daga nan aka yi ta tsaurarawa. Sauyin da aka kira Panda a 2011 ya rage darajar shafuka marasa abin kirki a ciki. Penguin a 2012 ya bi ta kan masu cusa kalmomi da masu sayen mahaɗi. Hummingbird a 2013 da BERT a 2019 sun ƙara wa injin fahimtar abin da mai nema ke nufi da jimlarsa gaba ɗaya, ba tsintar kalma ɗaya-ɗaya ba. A ƙa'idojin Google na yanzu, maimaita kalma ba gaira ba dalili laifi ne da aka ambata da suna, har da misalin jera sunayen garuruwa da yankuna a ƙasan shafi don a fito a cikinsu. Wato abin nan da ake yi, a rubuta "turaren wuta Kawo, turaren wuta Rigasa, turaren wuta Kakuri, turaren wuta Sabon Tasha" har layi goma, shi ne ainihin abin da aka hana. Haka ma rubuta kalmomi da farin launi a kan farin bango don kada mutum ya gani.

Kalmomi ba su daina amfani ba. Abin da ya sauya shi ne aikin ya koma gano wace kalma mai saye ke faɗa, a sa ta inda ya dace: a take, a kanu, a jimlolin farko, a adireshin shafin, a bayanin hotuna, sannan a ci gaba da rubutu irin na mutane. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne su karanta shafin da ƙarfi. Duk jimlar da ba za ki iya faɗa wa mai saye baki da baki ba tare da ta yi miki wani irin kallo ba, ki goge ta.

To a ina ake samo kalmomin? Ke kina da abin da ya fi kowace manhaja, wato WhatsApp ɗinki. Ki koma saƙonnin watanni uku da suka wuce ki karanta yadda sababbin masu saye ke buɗe magana. "Akwai na tsugunno?" "Nawa ne saitin amarya?" "Kina da mai kajiji?" "Ana sari?" Ki rubuta su a takarda yadda suka zo, har da kuskuren rubutunsu. Bayan haka ki shiga Google ki fara rubuta "turaren wuta" ki tsaya, ki ga abin da yake ƙarasa miki, domin yawancinsa daga abin da mutane ke nema ake ɗauko shi. Ki gangara ƙasan jerin ki ga sauran neman da ya danganta. Manyan manhajojin ƙididdigar kalmomi, har da Keyword Planner na Google Ads, ba su cika taimakawa a Hausa ba. Sau da yawa za su nuna kamar ba mai neman kalmar, alhali kin san kullum ana tambayarki ita. Kada wannan ya sa ki bar kalmar Hausa ki koma ta Turanci.

A nan ne Kaduna ke da nata yanayi. Masu sayen kayanki ba da harshe ɗaya suke nema ba, kuma ko mutum ɗaya ma gaurayawa yake yi. Wata za ta rubuta "farashin turaren wuta", wata "turaren wuta price in Kaduna", wata kuma da ba Bahaushiya ba, ko wadda ta saba da kayan Dubai, ta rubuta "bakhoor". Humra ma akwai masu rubuta ta "khumra". Sunan kayan dai kusan kullum da Hausa yake zama ko da sauran jimlar Turanci ce, kuma wannan riba ce gare ki, domin masu fafatawa a kan kalmar Hausa ba su da yawa. Abin da nake yi shi ne in zaɓi harshe ɗaya ga jikin kowane shafi, in sa rubutun da aka fi amfani da shi a take, ɗayan kuma ya fito sau ɗaya ko biyu a cikin bayani, misali a ce "humra, da wasu ke rubutawa khumra". Idan masu Turanci suna da yawa a cinikinki, a yi musu nasu shafukan daban da cikakken Turanci. Hakan ya fi a yi shafi ɗaya rabi da rabi.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin mutane a waya ba sa sa su, "bakar humra" za su rubuta, ba "baƙar humra" ba. Ki gwada duka biyun a Google ki kwatanta abin da kowanne ya fito da shi. Ni ra'ayina a jikin rubutu a rubuta Hausa daidai, don mutunci ne ga harshen da kuma kasuwancin, amma adireshin shafi a bar shi da haruffa marasa lanƙwasa domin ya yi sauƙin kwafa da turawa. A take kuwa, idan gwajin ya nuna bambanci a kan kalmar da cinikinki ya dogara da ita, ki bi yadda masu saye ke rubutawa. Malaman Hausa ba za su ji daɗin wannan ba, na sani. Ki kuma tuna cewa tun 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake iya nema da murya, kuma mai magana da baki cikakkiyar tambaya yake yi, kamar "a ina zan samu turaren wuta mai kyau a Kaduna". Shafin da ya amsa irin wannan tambaya a fili ya fi shiri da shi.

Akwai kuma abin da ya fi zaɓen kalma muhimmanci, shi ne niyyar mai nema. Wadda ta rubuta "yadda ake haɗa turaren wuta" koyo take so, ba saye ba. Wadda ta rubuta "farashin saitin turaren amarya" hannunta na kan jaka. Kalmar farko ta fi yawan masu nema, shi ya sa take ruɗar mutane su sa ta a taken shafin saye. Mai koyo ta shigo, ta ga kwalabe da farashi, ta fita. Idan kina koyarwa, ki yi wa koyarwar shafinta. Idan ba kya yi, ki bar kalmar ga masu ita. Hanya mafi sauƙi ta gane niyya ita ce ki rubuta kalmar a Google ki ga irin abin da ke saman jeri. Idan duk bidiyoyin koyarwa ne, Google ya riga ya yanke cewa masu wannan nema koyo suke so, kuma take ba zai sauya masa ra'ayi ba.

Kowane kaya da shafinsa

Idan duk kayanki a shafi ɗaya suke, hotuna talatin a jere da lambar waya a ƙasa, to take ɗaya kawai gare ki, kuma ba zai ɗauki humra da kulacca da turaren tsugunno da na kaya duka ba. A raba su. Sannan kowane shafi ya samu rubutu na gaske, domin Google rubutu ya fi karantawa. Farashin da aka rubuta a jikin hoto, irin wanda ake haɗawa don sitatus, kada ki dogara da shi, ki sake rubuta shi a matsayin rubutu. Ki faɗi abin da ke cikin haɗin gwargwadon yadda ba zai tona sirrin sana'a ba, ko sandal ne, ko hawi, ko gabgab. Ki faɗi girman kwalba, yadda ake amfani da shi a kasko ko a na'urar lantarki, da tsawon lokacin da ƙamshin ke kamawa a kaya. Idan haɗin Maiduguri ne da gaske ki faɗa, domin ana nemansa da wannan sunan. Idan ba shi ba ne kada ki rubuta. Abin da kike maimaita wa mutane a waya kullum, shi ne rubutun shafin.

Kada kuma a wuce gona da iri a yi shafi biyu a kan abu ɗaya, ko a kwafi shafi guda sau goma ana canza sunan unguwa kawai. Na farko yana sa shafukanki su riƙa kishi da juna, na biyu kuwa Google ya haramta shi.

Sunan gari, da taswira

Ki sa "Kaduna" a take ko da kin ambaci unguwa. Tudun Wada akwai ta a Kaduna, akwai a Zariya, akwai a Kano, akwai a Jos. Unguwa kaɗai ba ta isa ba.

Amma ga neman da ke da sunan gari a ciki, sau da yawa abin da ke fara fitowa ba shafukan yanar gizo ba ne, taswira ce da sunayen 'yan kasuwa kaɗan a ƙarƙashinta. Wannan daga Google Business Profile yake fitowa, wanda a da ake kira Google My Business, kuma buɗe shi kyauta ne. Google ya ce abu uku yake dubawa a nan: dacewa da abin da aka nema, nisa daga mai nema, da kuma shahara, wadda ra'ayoyin masu saye ke cikinta. Ga mai sana'a irin taki, wannan rajistar kan kawo kira tun kafin gyaran take ya fara nuna tasiri. Tunda daga gida kike yi, akwai zaɓin ɓoye adireshi ga masu kai wa mutane kaya, a nuna yankunan da kike kaiwa kawai, kuma shi nake ba mata shawara su ɗauka. A gurbin suna ki sa sunan kasuwancin yadda yake, kada a ƙara masa jerin kalmomi, domin hakan na iya sa a dakatar da rajistar. Duk wadda ta saya ta yaba, ki tura mata mahaɗin ta rubuta ra'ayinta a can. Kada a sayi ra'ayi.

Iyakar abin da take zai yi

Take da kalmomi suna sa Google ya gane ki, ya shigar da ke cikin masu fafatawa. Ba su kaɗai ke ba da matsayi ba. Akwai mahaɗai daga wasu shafuka masu mutunci, akwai ingancin abin da ke shafin, akwai saurin buɗewa. Google sigar waya ta shafi yake dubawa wajen adanawa, kuma masu sayenki da data suke shigowa, saboda haka hotunan nan masu kyau idan ba a rage musu nauyi ba su ne za su kori mutane. Sannan a wasu kalmomin za ki tarar Jiji, Facebook, Instagram da TikTok sun mamaye sama. Ture su a kan kalma mai faɗi kamar "turare" ba aikin bana ba ne. A kan "turaren tsugunno na amare a Kaduna" kuwa ƙaramin shafi mai cikakken bayani na iya shiga gaba. Abin da na faɗa duka na gaba ɗaya ne, wanda zai zauna ya buɗe shafukanki ɗaya bayan ɗaya zai iya tarar da wata matsala ta gini da ta fi take girma.

Mu koma kan mai sati biyu. Google da kansa ya rubuta cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, ya kuma ce wannan aiki kan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Masu irin wannan alkawari hanya uku suke bi. Ko su nuna miki kin zo na ɗaya a kan sunanki, wanda dama kina can. Ko su saka talla a Google Ads, ki fito a sama da alamar talla, ranar da kuɗi ya ƙare ki ɓace. Talla ba laifi ba ce, gab da azumi ko lokacin bukukuwa ma tana iya biyan kanta, amma a kira ta da sunanta. Ko kuma su sayo miki ɗaruruwan mahaɗai daga shafukan banza, waɗanda in an yi sa'a Google ya yi watsi da su, in ba a yi ba su ja ki ƙasa. Ki tambaye shi a kan wace kalma zai kai ki na ɗaya, kuma me zai taɓa a shafin. Idan ya ce sirri ne, maganar ta ƙare.

Wajen auna ci gaba, kada ki dogara da neman kanki a wayarki. Sakamako na bambanta da wurin da mutum yake, abin da kika gani a Unguwar Rimi ba lallai shi mai nema daga Mando ko Abuja zai gani ba. Search Console ne zai gaya miki gaskiya. A sashen Performance yana nuna kalmomin da aka rubuta har shafinki ya bayyana, sau nawa ya bayyana, sau nawa aka latsa, da matsakaicin matsayinsa, har na watanni 16 baya. Shafin da ke bayyana da yawa amma ba a latsawa, takensa ne ke buƙatar gyara. Kalmar da kike fitowa a kanta a matsayi na goma sha wani abu, ita ce ta fi cancanci ki ƙara wa shafinta bayani, domin ta kusa. Idan kin canza take, ki rubuta ranar a littafi, ki bar shi sati huɗu zuwa shida kafin ki yanke hukunci. Canzawa kullum ba ya bari a san wanne ya yi aiki.

Idan kin kira yaron da ya yi miki aikin, ki sa ya buɗe Search Console da Business Profile da adireshin Gmail naki, shi a ƙara shi a matsayin mai taimako. Ki kuma tambaye shi da sunan wa aka yi rajistar adireshin gidan yanar, da ranar da za a sabunta biyansa. Idan da sunansa ne, a mayar da shi naki tun kuna shiri.